Murfin kofin fura daban, na shayi daban: amsa ga mai sana'ar abin sha a Tumfure

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tumfure, cikin garin Gombe: "Assalamu alaikum. Ina sayar da fura da yogot, da kunun aya, da zoɓo, da safe kuma kunun gyaɗa da shayi. Yawanci ta waya ake yin oda, ɗan acaɓa ya kai. Kusan kullum sai an kira ni an ce ya zube a cikin leda. Na canja murfi har sau uku. Yanzu ina so a ƙera mini murfi na kaina, mai sunan shagona a jiki. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sana'a. Na yi shekaru ina aiki a wata masana'antar roba a Kano kafin in dawo gida, kuma murafan kofuna na cikin abin da muke bugawa, saboda haka zan gaya miki abin da na sani ba tare da rufa-rufa ba. Kada ki fara da ƙera murfi. Kin ce sau uku kina canja murfi, amma ban ji kin ce kin canja kofi ba, kuma ina kyautata zaton a nan gizo ke saƙa.

Ɗauki murfi ɗaya ki kifa shi a tafin hannunki. Za ki ga wani ɗan kwari ya kewaye gefensa, a bakin kwarin kuma akwai ɗan tudu da ya shigo ciki. Sai ki dubi kofin. Leɓensa a naɗe yake, kamar bakin tabarma da aka dunƙule. Idan kika danna murfi, wannan ɗan tudun ne ke buɗewa kaɗan, ya tsallake naɗin leɓen, ya koma ya maƙale a ƙarƙashinsa. Ƙarar "ƙas" ɗin da kike ji ke nan. Duk riƙon da murfi yake yi wa kofi a nan yake, kuma abin da ke maƙalewar bai fi kaurin farce ba. Idan leɓen ya yi wa kwarin siriri, murfi zai zauna, ido zai ga kamar ya rufu, amma yana lilo. Idan ya yi masa kauri, sai an danne da ƙarfi, gefen murfin ya tsage ko bakin kofin ya lanƙwashe, ruwa ya samu hanya. Shi ya sa a masana'anta ba a zana murfi sai an ɗora kofinsa a kan tebur tukuna. Leɓen kofi ne uban gidan murfi.

To ga yadda ake sayayya a kasuwanninmu. Mutum ya shiga babbar kasuwa ya sayi kofuna a shago guda, ya ga murafan can gaba sun fi araha, ya saya a can. Mai shago ya ce "ai duk babba ne". Amma ba da babba da ƙarami ake gane murfi ba, da faɗin bakin kofi ake ganewa, a ma'aunin milimita. Kofin takarda na abu mai zafi, mai cin oza 8, wato wajen mililita 240, galibi bakinsa milimita 80 ne. Mai oza 12 da mai oza 16 sukan yi tarayya a milimita 90, shi ya sa murfi ɗaya ke rufe su duka. Kofunan roba masu garai-garai na abin sanyi kuwa a nan rikicin yake: akwai 90, akwai 92, akwai 95, akwai 98. Murfin 95 zai hau kofin 92 ya yi shiru kamar mutumin kirki, sai an hau hanya halinsa ya fito. Kai, ko biyun duka an rubuta musu 90, idan ba kamfani ɗaya ya yi su ba, kaurin naɗin leɓen na iya bambanta. Ki samu mai walda ko mai aikin injin juya ƙarfe ya ara miki abin awon nan mai baki biyu da suke kira baniya, ki auna bakin kofunanki daga waje zuwa waje. Ki auna kamar guda goma daga katan ɗaya, domin kofi mai araha ko a cikin katan ɗaya bakinsa ba ya zama ɗaya.

Bari in ba ki labarin yadda milimita ɗaya ta taɓa kunyata mu. Ana yin murfi ne da shimfiɗar roba mai kama da takarda, wadda kaurinta galibi bai kai rabin milimita ba. Inji ya gasa ta har ta yi laushi, iska ta tsotse ta a kan wani ƙarfen alminiyom mai siffar murfin, wanda muke ce wa mol, ta huce, wuƙa ta yanke. Wata shekara robar da muka saba da ita ta yi tsada, aka ce mu zuba wata iri a kan mol ɗin da muke da shi. Abin da aka manta shi ne kowace roba da yadda take tsukewa idan ta huce. Ta farkon tana tsukewa da kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sabuwar kuwa wajen ɗaya da rabi. A faɗin milimita 90, bambancin ya kusa milimita guda. Da aka gwada su da ɗuminsu a bakin inji sun hau kofi lafiya lau. Bayan kwana biyu sun gama tsukewa a cikin katan. Ina tsaye dillali ya dawo da kaya a bayan a-kori-kura, ya zaro kofi daga aljihun babbar rigarsa, ya ɗora murfi, ya danna da babban yatsa, murfin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci. Bai ce uffan ba, sai ya sake ɗauko wani ya maimaita. Ranar na koyi cewa ba a yanke wa murfi hukunci a ranar da aka buga shi.

Wannan ya kawo mu kan irin robar. A jikin yawancin murafa akwai ɗan alwatika da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce PET, robar gorar ruwa. Ta fi kowacce haske, ita ce ke sa zoɓo ya yi kyau a hoto, amma tana fara laushi daga wajen digiri 70, saboda haka ba ta shayi ba ce, ba ta kunun gyaɗa ba ce. Lamba 6 ita ce PS, wadda aka daɗe ana yin fararen murafan shayi da ita. Tana da tauri, ƙarar rufewarta tana da daɗi, amma tana da saurin tsagewa, kuma maiƙo yana ƙara mata rauni. Lamba 5 ita ce PP. Ba ta da haske sosai, kamar an shafa mata hazo, sai dai ba ta narkewa sai ta haura digiri 160, tana lanƙwasa ba ta karye ba, kuma ba ruwanta da maiƙo. Idan kika matsa mini in zaɓi guda ɗaya don Gombe, ita zan ɗauka. Raunin da na san mata shi ne daskarewa: kofin da ya kwana a firiza har ya yi ƙanƙara, murfinsa na iya fashewa idan aka ɓamɓare shi da ƙarfi. Akwai kuma wadda ake yi da sitacin masara, PLA, da ake tallata cewa tana ruɓewa. Wadda ba a yi mata gyara na musamman ba tana sakin jiki tun daga digiri 55 zuwa 60. Ki tuna but ɗin mota da aka ajiye a rana a watan Afrilu, ki yi wa kanki hisabi. Ko PET ɗin ma kada ki jingina katan ɗinta a ƙarƙashin kwano ko a bakin murhu. Murfin da ya karkace a ajiya ba ya komawa daidai.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi: yawancin murafan da ake kawo mana ba don abin shanmu aka zana su ba. Murfin nan mai tudu da ɗan rami a gefe, wanda ake kurɓa ta ciki, asalinsa na kamfanin Solo ne a Amurka. Sunansa Traveler, wani mai zane Jack Clements ya tsara shi, aka yi masa rajistar mallaka a 1986. Ya ɗaga wurin kurɓar sama, ya yi wani lotsi a bayansa don leɓen sama ya samu wurin zama. Zanen ya karɓu har gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok ya ajiye shi cikin kayansa. Amma wa aka yi wa shi? Mutumin da ke riƙe da gahawa a hannu, ko ya sa ta a mazaunin kofi a cikin mota a kan kwalta mai santsi, kofin na tsaye cak. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin fura mai gudaji, a cikin leda, a rataye a kan acaɓa, ana gangara hanyar unguwa bayan ruwan sama ya zaizaye ta. Su can babban abin da suke tsoro shi ne ƙuna. A 1992, a garin Albukaki na Amurka, wata dattijuwa mai shekara 79, Stella Liebeck, ta sa kofin gahawar McDonald's a tsakanin gwiwoyinta a cikin mota tana ƙoƙarin cire murfi don ta zuba sukari da madara, ya kife mata, ta ƙone ƙwarai har aka yi mata dashen fata. A shari'ar da aka yi a 1994 an bayyana cewa ana ajiye gahawar a zafin digiri 82 zuwa 88. Na kawo wannan ne don kunun gyaɗa ya fi gahawa haɗari: yana da kauri, yana riƙe zafi, idan ya zuba a cinya manne wa fata yake yi. Kada ki zuba shi a kofi yana tafasa, kuma kada ki ba abokin ciniki dalilin buɗe murfi a hanya. Ki tambaye shi sukari tun a waya, ki zuba kafin ki rufe.

A kan murfin abu mai zafi za ki ga wani ɗan huji kamar na allura. Na sha ganin masu sana'a suna liƙe shi da salatif, wai ta nan yake yoyo. Aikinsa biyu. Idan ana kurɓa, abin da ya fita dole iska ta maye gurbinsa, in ba haka ba shayin zai riƙa tsayawa yana ɓulɓulowa, ya watsa wa mutum a baki. Sannan tururi yana neman mafita. Kika toshe masa, zai tura murfin daga ciki, kuma inda riƙon ya fi rauni nan zai ɗage. Idan kina tsoron fantsama a hanya, ramin kurɓar za ki rufe, da murfi mai ɗan harshe da ake dannawa ya toshe shi, ko da ɗan sitika. Hujin allurar ki ƙyale shi.

Idan kofin takarda kike amfani da shi, nemi layin da aka haɗa takardar daga sama zuwa ƙasa. A inda layin ya hau leɓe, takarda ta ninku biyu, an samu ɗan mataki, kuma kusan duk ɗigon da ke ɓata wa mutane gaban riga daga nan yake fitowa. Ki koya wa yaranki su riƙa juya ramin kurɓa ya kalli ɗaya gefen, nesa da layin. Su kuma goge leɓen idan kunu ya taɓa shi kafin su rufe, don jiƙaƙƙen leɓen takarda laushi yake yi, ba ya riƙe komai. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Yanzu kayan sanyinki. Zoɓo ruwa ne tsinkakke, ba ya yafiya, ko ina ya ga kafa zai bi, ga shi da rini. Murfi mai tsagar gicciye a tsakiya, ta soka tsinken zuƙa, na wanda zai sha a shago ne. A kan babur wannan tsagar ƙofa ce a buɗe. Kunun aya kuma matsalarsa daban: a zafin nan namu cikin 'yan awoyi yake fara tsami idan ya bar sanyi, kuma idan ya fara tashi iska yake tarawa. Wani lokacin murfin da aka ce ya buɗe a hanya ba ramin titi ne ya buɗe shi ba, kunun ne ya ture shi. Maganin wannan kula ce da ƙanƙara, da rage jira tsakanin zubawa da kaiwa.

Fura ce ta fi ba ni sha'awa, don ita ce babu wanda ya zana mata murfi. Tana da nauyi, tana da gudaji, wani ya so kwakwa, wani dabino, wani inabi a sama. Nauyin nan idan ya karkata ya bugi murfi, ba irin bugun zoɓo ba ne. Masu sana'a suna son murfi mai kumburi kamar ƙoƙo, saboda kayan sama su fito a hoto, kuma lallai yana da kyau. Sai dai yawancinsu suna da babban rami a ƙoli, kuma tsayinsu yana sa duk abin da ya taɓa su daga gefe ya ɓalle su cikin sauƙi, ba a kuma ɗora wani kofi a kai. Ga wanda ya zo shago, ba shi mai kumburin. Ga oda ta waya, shimfiɗaɗɗen murfi marar rami ko ɗaya, da cokali a gefe. Idan da tsinken zuƙa za a sha, na lemo mai faɗin milimita 6 ba zai ja fura ba, gudaji ɗaya ya toshe shi. Sai mai faɗin milimita 12, irin wanda ake shan shayin nan na Taiwan mai ƙwallayen rogo da shi. Ki duba ko ramin murfinki zai ɗauke shi kafin ki sayi katan.

Kada ki cika kofi taf. Na san abokin ciniki yana so ya ga an cika masa, amma ruwa a kofi kaɗawa yake yi, kuma wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara sun nuna a 2012 cewa saurin kaɗawar gahawa a kofi ya yi kusa da saurin takun mutum, shi ya sa take zuba ko a tafiyar ƙafa. Balle a kan babur. Ki bar faɗin yatsa guda a sama. Idan kina jin za a ce kin rage mudu, ki koma kofin da ya ɗan fi girma ki zuba adadin da kika saba. Sannan ledar nan da ake ƙulle kofi a ciki a rataya ita kanta mai laifi ce: tana matse bakin kofin ya zama kamar ƙwai, murfi kuwa da'ira yake so. Kafinta zai iya yanka miki katako ko kauraren kwali mai ramuka daidai gindin kofunanki, a sa a cikin kula ko kwando a bayan babur, kowane kofi ya tsaya a raminsa.

Idan odar abin sanyi ta yi yawa, abin da nake ba da shawara shi ne injin liƙe baki. Ƙaramin inji ne na kan tebur, yana ɗora siririyar leda a bakin kofi ya gasa ta ta manne, a zafin wajen digiri 160 zuwa 180. Kofin da aka liƙe da kyau ko an kifa shi ba ya ɗiga. Sharaɗinsa biyu: ledar ta dace da robar kofin, wato ledar PP ga kofin PP, in ba haka ba za ta yi kamar ta kama ta saki, sannan zoben injin ya yi daidai da bakin kofinki, 90 ko 95. Ki kuma tuna yana son wuta, kin san halin wutarmu. Ga kunun aya, ledar za ta zame miki ɗan leƙen asiri, domin idan ya fara lalacewa za ki ga ta kumbura.

Sai maganar suna a jiki, wadda na san ita ce ke ranki. Sunan da aka tayar a jikin robar murfi a cikin mol ake sassaƙa shi. Mol na gaske, mai buga murafa da yawa a bugu ɗaya, tare da wuƙarsa, maganar miliyoyi ake yi, kuma babu masana'antar da za ta tsayar da injinta ta ɗaura mol ɗinki don katan biyar. Dubbai masu yawa za a ce ki ɗauka, ki nemi inda za ki jibge su. Ranar da kofin da aka zana murfin dominsa ya ɓace a kasuwa kuwa, kin tashi da tsibin roba mai sunanki da ba ta hawa komai. Ga kuma dokoki suna motsi: Legas ta haramta kwanukan soso na abinci a farkon 2024, ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin amfani-ɗaya a Yulin 2025, kuma kaya da yawa daga can suke biyowa. Mai ƙaramin jari bai kamata ya ɗaure kansa da siffa ɗaya na shekaru ba. Sunan da aka tayar a farar roba ma ba ya fitowa a hoto. Sitika mai tsawo da za ta taso daga jikin kofi, ta haye murfi, ta sauka ɗaya gefen, ta fi shi aiki: ga suna da lambar waya, ga ƙarin riƙo, ga shaidar cewa ba a buɗe a hanya ba. Masu buga takardu a nan cikin gari za su yi miki. Ledar injin liƙewa ma ana buga mata suna.

In kuwa Allah ya buɗa har kika kai matsayin yin mol, ki je wa mai zanen da kofunanki na gaske, ba hoto ba, ki gaya masa abin da za a zuba da zafinsa, ki kuma yanke irin robar tun kafin a taɓa ƙarfe. Ki ce ya sa 'yan tudun da ke hana murafa cushewa cikin juna idan an jera su, don yarinyar da ke fama da layi a lokacin buɗa-baki ba ta da lokacin ɓamɓare murfi biyu da farce, kuma duk ɓamɓarar yatsa ne a wurin da wani zai sa baki. Ki nemi a fara da mol na gwaji mai rami ɗaya, ki bar samfurin ya kwana biyu kafin ki gwada.

A wannan makon dai ga abin yi. Ki sayi leda ɗaya ɗaya ta kofi da murfinsa, daga kamfani ɗaya, iri biyu ko uku. Ki zuba zoɓo, don shi ba ya ɓoye laifi. Ki rufe kina bi da babban yatsa daga gefe guda har ki zagayo, ba dannawa da tafin hannu a tsakiya ba. Ki kama gefen murfin ki ɗan ɗaga kofin a kan baho. In ya saki, ya faɗi jarrabawa. Ki karkata shi kamar za ki sha, ki riƙe kina ƙirga talatin, ki kuma ɗan matsa cikinsa kamar yadda hannu ke yi. Na zafin ki gwada da ruwan zafi, ki jira minti goma, ki sake jan murfin, ki kuma shinshina; robar da ta tashi da wari ba ta abinci ba ce, komai arharta. Waɗanda suka tsallake, ki shimfiɗa farar takarda a ƙasan kula, ki jera su, ki ba ɗan acaɓanki ya je Pantami ya dawo ta hanyar da ya saba bi, da gudun da ya saba yi. In ya dawo ki ɗaga kowane kofi ki duba takardar da ke ƙarƙashinsa.